Tak Dal-su da Ruwan Lahadi

Tak Dal-su ya girme ni da shekara shida, shi ya sa tun tasowata nake ce masa Yaya, ko da yake ba mu haɗa jini ba. A tsibirinmu aka haife shi, a nan ya yi aikin gishiri har ƙarfinsa ya ƙare, a nan kuma aka binne shi, a gangaren da ke bayan majami'a. Sau huɗu na san ya hau jirgin ruwa zuwa birnin Mokpo, ɗaya daga ciki don a cire masa haƙori.

Gajere ne mai faɗin kafaɗa. Ruwan gishiri ya tsattsage masa ƙafa har faso ya zama kamar hanyoyi. A zamanin a ƙasa muke zama a majami'a, maza a hagu, mata a dama, kowa ya bar takalminsa a waje. Shi kullum layin ƙarshe yake zama, daf da ƙofa. Yana cewa ba ya so ƙafarsa ta ɓata wa matan da suka goge daɓe aikinsu. Matata kuwa ta ce sama yake leƙe. Ina jin duka biyun ne. Idan ana waƙa muryarsa ta fi ta kowa, kuma ba ta taɓa tafiya tare da ta kowa ba. Idan wa'azi ya yi tsawo yakan yi gyangyaɗi. Tun da aka yi masa baftisma ya bar giyar shinkafa, amma idan ya tarar ana sha sai ya ɗauki kwanon mutum ya sunsuna, ya lumshe ido, ya mayar. Yana da zuciya kuma. Ya taɓa wurga katakon tura ruwan gishiri na wani a teku saboda mutumin ya zagar masa mata.

Gonakin gishiri goma sha huɗu ne ke shan ruwa daga tafki ɗaya a gefenmu, kuma mabuɗin madatsar a hannunsa yake. Ba wanda ya naɗa shi. Idan mutum biyu suka yi rikici a kan wanda za a fara sakar wa ruwa, sai ya je ya tsuguna a tsakaninsu, ya tambayi wannan ciwon bayan tsohuwarsa, ya tambayi wancan ko alaɗensa ta haihu, can sai ya ce yau kai, gobe kai. Su tashi suna gunaguni, amma haka za a yi.

Shi ya koya mini aikin lokacin da na dawo daga soja. Ni na ɗan yi makaranta, rubutuna yana da kyau, ni ke rubuta wa mutane wasiƙa zuwa ofis. Da ikilisiya ta buƙaci dattijo na biyu, ni aka zaɓa, ina da shekara arba'in da ɗaya. Daga ranar ya daina kiran sunana, ya koma ce mini Dattijo. Na ce masa ya bari, ya ce gara baki ya saba tun da wuri. Kowa ya san zaɓe na gaba nasa ne. An riga an sa sunansa, ana jiran lokacin kaka ya yi Fasto ya zo, domin ba mu da fasto namu. Sau biyu a shekara wani yake hayowa ta jirgi, ya yi baftisma, ya ba da Jibin Ubangiji, wato gurasa da ruwan inabi, ya zauna da dattawa a kan abin da ya taru.

Wanda ya yi gishiri ya san hadari ne ke tsufar da mutum. Ruwan teku yana kwana ashirin yana sauka daga fangali zuwa fangali, rana tana shan sa, kafin ya nuna ya fara fitar da ƙwaya. Ruwan sama na rabin sa'a ya isa ya mayar da shi ruwan banza. Don haka da sama ta canza fuska, mai cin abinci ya ajiye tsinken da yake ci da shi, a ruga a zare matosai, a tura ruwan da katako zuwa ramin ajiya mai rufi. Aikin mutum biyu ne a kowace gona. Dal-su yana iya yin sa shi kaɗai.

Abin ya faru a Lahadi ta biyu ta watan Yuni, shekara ɗaya bayan naɗa ni. Ranar Asabar sama tas take, rediyo bai ce komai ba, ko gwiwar Dal-su da ke ciwo in hadari na tafe ba ta ce komai ba. Ruwana ya kwana goma sha tara. Na bar shi a fili, kamar yadda kowa ya bar nasa.

Dattijo Mun ne a kan wa'azi. Tsoho ne a lokacin, ya haura saba'in. Ni ina zaune a gaba, a kujerar dattawa, kusa da bagadi. Ya yi nisa kaɗan sai hasken taga ya ragu. Sai iska ta shigo da ƙanshin nan. Sai ɗigo na farko a kan kwano. Maza wajen arba'in ne a zaune, duk bayansu ya sandare, ba wanda ya motsa. An san ikilisiyarmu a tsibiran nan da kiyaye Lahadi, ko kwale-kwale ba ma kwancewa. Dattijo Mun ya ƙara murya don ta fi ta kwano.

Na waiwaya. Sau ɗaya ne, kuma ban ce komai ba. Dal-su yana kallona. Na mayar da fuskata gaba. Da aka tashi waƙar ƙarshe, ba a ji muryar nan da ke fita daban ba.

Daga matakalar majami'a ana hango gonakin duka, ban da tawa, wadda tudun itatuwa ya kare. Da muka fito kowa ya gan shi. Yana cikin gonar 'Yar Haenam da farar rigarsa ta Lahadi, su biyu suna tura ruwa. Haka muke kiran matar, da sunan garin da aka auro ta. Ba ta zuwa majami'a. Teku ya cinye mijinta shekara biyu kafin nan, ya bar ta da surukuwa makauniya da 'ya'ya uku. Gonarta tana bin tawa, ta Dal-su kuma tana can gaba. Tasa ruwa ya gama da ita, ko matoshi ɗaya bai kai ga zarewa ba.

Bayan abincin rana na ɗauki laima na fita kamar mai miƙe ƙafa. Na tarar an zare matosaina duka, fangali a bushe, rami ya cika har baki. A ƙarƙashin rufin ramin ga takalmansa na Lahadi, an jera su a hankali don kada su jiƙe. Na ɗauke su na sa a cikin riga. Da yamma na bi ta ƙofar gidansa na ajiye, ban yi sallama ba. Matata ta gan su a hannuna kafin in fita. Ta dubi takalman, ta dube ni, ta ci gaba da tsinke ganye.

Ranar Litinin maza suka fito suna duba ɓarna. Wani ya leƙa ramina ya ce, ashe Dattijo tun Asabar ya kwashe nasa. Ina duƙe ina gyara bakin madatsa, ban ɗago ba. Kafin sujadar Laraba magana ta zama shaida. Mata suna faɗa wa mazansu, ga yadda mai tsoron Allah yake yi, yana shiri tun Asabar.

Ba na so a ɗauki Dattijo Mun mugu. Ya sha duka a zamanin mulkin Japanawa saboda ya ƙi rusunawa inda aka ce ya rusuna. A lokacin yaƙi an kashe ƙanensa a bakin ruwa tare da wasu masu bi. Shi a ganinsa Lahadi ce katangar da ta rage mana. Ya ce mini idan aka ƙyale mutum ɗaya ya tashi a tsakiyar wa'azi, to duk Lahadin da girgije ya gifta majami'a za ta koma ta mata da tsofaffi. Ya ce balle wanda ake shirin ɗora wa hannu ya zama dattijo. Maganarsa ba ta rasa gaskiya ba. Wata huɗu yana maimaita ta, ni kuma wata huɗu ina gyaɗa kai.

Fasto ya zo a watan Oktoba, ranar Asabar, jirgi ya jijjiga shi har fuskarsa ta yi fari. Muka zauna a ƙaramin ɗakin da ke bayan bagadi, shi da Dattijo Mun da ni. Aka kira Dal-su. Ya durƙusa a bakin ƙofa, ya ɗora hannuwa a kan gwiwa. Dattijo Mun ya yi masa magana a hankali, kamar uba. Ya ce abin da ake nema kaɗan ne, gobe ya tashi a gaban jama'a ya ce ya yi kuskure, ya yi nadama, shi ke nan a wuce wurin.

Dal-su ya sosa ƙeya. Ya ce, "Dattijo, in na ce na yi nadama na yi wa Allah ƙarya a cikin gidansa. In hadari ya sake tasowa matar nan tana tsaye ita kaɗai, ƙafafun nan tafiya za su yi. Na san halinsu."

Dattijo Mun ya ce ai akwai hanya. Ya nuna ni da hannu. Ya ce ga ƙanenka, ga wanda ka koya wa aiki, tun Asabar ya kwashe nasa, bai karya rana ba, bai yi asara ba. Da ka taimaki matar ranar Asabar wa zai ce maka don me?

Dal-su ya sunkuyar da kai yana kallon yatsun ƙafarsa. Ɗakin ƙarami ne, ina jin numfashinsa. Duk mun san abin da aka rubuta a littafi mai tsarki game da dabbar da ta faɗa rami a ranar hutu, amma ba wanda ya ambata. Fasto ya matse goshi ya tambaye ni yadda na gani. Na ce Dattijo Mun ya fi ni daɗewa a aikin nan.

Aka sa shi a horo. Ba zai ci Jibin Ubangiji ba sai ranar da ya furta a gaban jama'a, aka kuma cire sunansa daga zaɓe. Ni na rubuta, saboda rubutuna ya fi kyau.

A waje ya jira ni ina sa takalmi. Ya ce, "Dattijo, gobe in ka zo layinmu kada mantuwa ta sa ka tsaya a gabana da faranti. Sai mu ji kunya mu biyu." Ya tambaye ni ko na sami wanda zai gyara mini rufin rumbu kafin sanyi, ya ce in ban samu ba zai zo ranar Talata.

Dattawa ne ke zagayawa da faranti. Mukan sa farin safar hannu, mu fara daga gaba mu bi layi layi har ƙofa, gurasa tukuna, sannan ƙananan kofuna. Ɓangaren maza nawa ne. Ban manta ba. Saura taku ɗaya in kai gabansa na juya.

Na ɗauka zai yi fushi ya daina zuwa, ina jin har na so hakan. Bai fasa ko Lahadi ɗaya ba. Yana nan a wurinsa, yana waƙarsa, yana gyangyaɗinsa. Sujadar asuba ma shi ke riga kowa, domin shi ke hura murhu da sanyi. Mabuɗin madatsa yana hannunsa. Idan miji da mata suka yi faɗa, ni ake kira in yi addu'a, amma kafin in isa sai in tarar ya riga ya zo ya tafi, ana dafa shayin sha'ir. Abin da ya ƙaru shi ne ranar Asabar da la'asar yakan bi gonaki yana duban sama, in bai yarda da ita ba ya ce a kwashe, ya kama wa mai ƙarancin hannu. Sau biyu ruwa ya sake yi mana ba-zata ranar Lahadi a shekarun nan. Duka biyun ya tashi ya fita.

Ni kuwa dole na zama mutumin da aka ce ni ne. Kowace Asabar sai na tura ruwana rami, ko sama ta yi tas kamar madubi. Kowace Litinin kuma in hau keken ɗaga ruwa in yi ta takawa rabin yini don in mayar da shi fili. Gishirina ya ragu, gwiwoyina suka lalace. Matata takan kawo mini abinci bakin gona, ta tsaya tana kallona a saman keke.

Wata rana ta ce, "Sannu Dattijo, mai shiri tun Asabar. Taka da kyau, mutane na kallo."

Na ce ta rage murya. Ta ce ita muryarta ke nan tun da aka auro ta, in akwai wanda ya kamata ya ƙara tasa ba ita ba ce. Ta ajiye kwano ta wuce da ɗayan zuwa gonar Dal-su. Kullum biyu take dafawa, kuma na lura nasa ya fi kifi.

A shekara ta huɗu Dattijo Mun ya kwanta. Na je gaishe shi kwana uku kafin ya rasu. Ya riƙe hannuna ya ce maganar Dal-su tana damunsa, ya ɗauka wata shida za a yi mutumin ya sauko, bai san kansa dutse ba ne. Ya ce in duba ta. Na ce to.

Daga nan ni kaɗai ne dattijo. Ba wanda zai hana ni. Amma in za a ɗage horo sai an gaya wa Fasto dalili, kuma Dal-su bai canza ba, saboda haka dalilin daga wajena zai fito. Idan Oktoba ta zo sai in ce bari Afrilu, Fasto zai fi samun lokaci. Idan Afrilu ta zo sai in ga aikin gona ya taso. Fastocin ma canzawa suke yi, kowanne ya buɗa littafi ya ga an rubuta, ya tambaya ko mutumin ya furta, in ce tukuna, ya rufe.

Tun rasuwar Dattijo Mun ɓangaren mata ma ya dawo hannuna. A nan na ga abin da ban sani ba. Matar Dal-su, Uwar Sun-ja, ba ta cikin horo, amma idan faranti ya zo gabanta sai ta naɗe hannuwa ta rufe ido. Ashe tun ranar farko haka take yi. Ba ta taɓa yi mini maganar ba. Idan mun haɗu a hanya takan rusuna ta ce Dattijo an wuni lafiya. A shekara ta takwas ta rasu, da sanyi, bayan gajeriyar jinya. Ni na yi addu'a a bakin kabari. An ce addu'ar ta yi kyau.

A shekara ta goma sha ɗaya muka sami fasto namu, matashi, ɗan birni, mai tambayar komai. A lokacin 'Yar Haenam ta yi shekara biyu tana zuwa majami'a. Ba wanda ya yi mata wa'azi, wata Lahadi kawai aka gan ta a bayan mata da ɗankwali. Da ta nemi baftisma muka zauna da ita a ɗakin nan na bayan bagadi don tambayoyi. Ta amsa wasu, ta kauce wa wasu. Da Fasto ya ce bayan baftisma za ta ci Jibi tare da jama'a, sai ta ce tana da tambaya ita ma.

Ta ce, "Baban Sun-ja zai ci?"

Fasto ya dube ni. Na ce akwai tsohuwar magana a kansa, tana rubuce.

Ta ce, "Na san maganar, ai a gonata aka yi ta. To in wanda ya shiga ruwa domina ba zai ci ba, ni in ci a wane dalili? Ku riƙe gurasarku, ina da shinkafa a gida." Sai ta juyo gare ni. "Kai kuma Dattijo, ka yi haƙuri, ni ban iya maganar majami'a ba. Ranar nan ta gonarka ya ɓullo, babu takalmi, hannunsa duk laka. Na gani, surukuwata makauniya ma ta ji ƙarar matosanka. Wa kake tsammani bai sani ba a tsibirin nan?"

Na tambaye ta tun yaushe aka sani. Ta ce tun kafin gishirin shekarar ya bushe. Ta ce mutane sun yi shiru ne saboda Baban Sun-ja ya ce maganar Dattijo ce, a bar shi ya faɗa da bakinsa, zai faɗa.

Da ta fita Fasto ya zuba mini shayi. Na gaya masa. Ban ɓoye waiwayen ba. Ya saurara, ya jawo littafin, ya karanta abin da na rubuta shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Ya tambaya ko akwai mai ƙin a ɗage. Mu biyu ne a ɗakin. Ya ja layi biyu, ya sa kwanan wata, ya miƙo mini in sa hannu. Shayin bai huce ba muka gama.

Na sami Dal-su a gonarsa da la'asar yana jan gishiri zuwa gefe. Ya tsufa, bayansa ya lanƙwashe, katakon ya fi shi tsawo. Na tsaya a kan gaɓa na ce Yaya, an ɗage. Ya ci gaba da ja har ya kai ƙarshen fangali, sannan ya jingina da katakon.

Ya ce, "Ka gaya wa yaron nan Fasto?"

Na ce na gaya masa duka.

Ya ce madalla, yanzu sai in daina hawa keken nan kowace Litinin kafin ƙafafuna su gama mutuwa, shi kansa gajiya yake yi in ya hango ni. Na ce masa ban zo don wasa ba. Na tambaye shi abin da ya sa ya fara da tawa, ya bar tasa.

Ya ce, "Kai kana gaba, ido duk a kanka, ba ka da halin tashi. Ni ina bakin ƙofa. In ba don irin wannan ba, me na bakin ƙofa yake yi?"

Na ce to me ya hana shi faɗa a ɗakin nan, kalma ɗaya ta isa. Ya ce ya yi tunanin haka. Ya ce amma shekarata ɗaya da naɗi, in ya tsinka ni a gaban Dattijo Mun, wa zai sake jin maganata, kuma ikilisiya tana buƙatar wanda ya iya karatu. Ya ɗauka zuwa bazara zan faɗa. Ya karkaɗe gishiri daga katako. Ya ce shi bai ji komai ba sosai, sai dai Uwar Sun-ja. Ya ce ya yi ta ce mata ta ci, ta ƙi, ita ma kanta irin nasa ne.

Can na ce ranar Lahadi zan tashi a gaban jama'a in faɗa, kamar yadda aka nema a wurinsa. Ya kaɗa hannu. Ya ce me za a gaya wa mutanen da suka riga suka sani, sai dai a sa tsofaffi kuka a makara cin abinci. Ya ce in bari.

Lahadin aka yi wa 'Yar Haenam baftisma, aka kuma ba da Jibi. Fasto ya sanar da ɗage horon a jimla ɗaya, tsakanin sanarwar zumuntar mata da ta gyaran rufi. Na sa safar hannu, na bi layi layi. Da na zo na ƙarshe na tsaya. Ya miƙo hannu, amma katako ya riga ya tanƙware masa yatsu, ƙaramar gurasar ta yi ta zille masa. Ya gwada sau uku. Da ya kama ta sai ya ɗaga ta kusa da ido, ya raɗa mini, "Dattijo, ta ƙanƙance ne a shekarun nan, ko idona ne?" Na kusa da shi suka danne dariya. Sannan ya rufe ido ya ci, ya daɗe yana taunawa.

Maganar zaɓe ba ta sake tasowa ba, shekarunsa sun wuce waɗanda ake tsayar da mutum. Ya ƙara cin Jibi sau uku. A bazara ta biyu ya faɗi a bakin madatsa, aka ɗauko shi a kan ƙyaure, bai kwana biyu ba. Ranar jana'izarsa masu bi da marasa bi suka yi ta gardama a kan wanda zai ɗauki makara, kuma babu mai cewa yau kai, gobe kai. 'Yarsa Sun-ja ta zo daga birnin Incheon. Ta gaishe ni yadda ake gaida dattijo, ba ta ƙara ko kalma ba.

Na tambayi Fasto ko akwai horon da ya dace da ni. Ya duba littafin dokoki, ya ce tun da na furta a gaban majalisar dattawa, kuma wanda aka yi wa ya yafe, shi bai ga wurin da zai kama ba. Na ci gaba da zama a kujerar gaba har na cika saba'in.

Ban taɓa tashi a gaban jama'a ba. Ya ce in bari, na kuwa bari. Abin da nake yawan tunawa shi ne ban sake tambayarsa ba. A wurinmu ko kwanon shinkafa ka miƙa wa mutum ya ce ka bari, sai ka sake miƙawa sau biyu kafin ka janye hannu. Ni sau ɗaya na miƙa, a kan gaɓar gonarsa, da ya kaɗa hannu na ce to, na juya na kama hanyar gida.